Umrar Inno da Gangar Alhaji Lado

Shafi na 23

“Ni fa ba zan yi ta maimaita magana ɗaya ba, Zubaidatu. Na ce miki na je, na yi, na dawo. Ga kai na aske, ga zamzam a jarka. Me kuma kike so?”

“So nake ka sake faɗa, Alhaji. Kunnena ya tsufa. Ɗawafin jiya da cunkoso?”

“Da sauƙi.”

“Safa da Marwa fa? Bayan naka bai dame ka ba?”

“Ya ɗan taɓa ni. Na daure.”

“Sannu da ƙoƙari. To sambusar fa, gishirinta ya ji?”

Kofin shayin Alhaji Lado ya tsaya a hanya. Bai kai baki ba, bai koma faranti ba.

“Wace sambusa?”

“Wadda ka ɗauki biyu a farantina, ka ce min shukran ya Hajja. Shekara ashirin da shida ina miƙa maka abinci da hannun nan. Jiya don na rufe fuska, ka kalle shi kamar hannun baƙuwa.”

Ta zauna a bakin katifa, ko abayarta ba ta cire ba. Warin man suya take yi tun daga kai har ƙafa. A gidan Zakiya mai girkin biki ta kwana, da asubar Juma'ar nan ta kamo hanyar unguwarsu ta Sharafiyya, ta hau benen nan hawa uku tana hutawa a kowane hawa. Ko ƙarfin ihu ba ta da shi. Da ta samu ta yi ihun ma, da ya fi masa sauƙi.

Wadda ta shigo mana karatun labarin nan yau ta matso kusa, ba kullum zan riƙa komawa baya ba.

Zubaidatu ba ta da takarda. Da bizar umra ta shigo Jidda tun tana da ƙuruciya, biza ta mutu, ita ta zauna. Daga ƙofarta zuwa Makka tafiyar awa guda ce, amma rabonta da can shekara goma sha huɗu, tun ranar da aka tare motar da ke gabansu a shingen hanya, aka sauke ƙawarta Aissa, aka wuce da ita tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Direbansu ya yi kwana da su. Tun ranar ko kwatancen hanyar ba ta so.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Inno, mahaifiyarta, ta rasu a Dukku. Ba ta ga gawa ba, ba ta zauna zaman makoki ba, don wanda ya fita ba takarda ya fita ke nan. Inno kuwa har ta koma ga Allah tana jiran ranar da 'yarta za ta aiko a kawo ta ta ga Ka'aba. Allah bai ba Zubaidatu haihuwa mai rai ba, balle ta aiki ɗa. Sai ta durƙusa gaban mijinta, shi da yake da iƙama, takardar zama ta aikin tashar jirgin ruwa, ta roƙe shi ya yi wa Inno umra. Duk watan Rajab ta sake durƙusawa. Sau goma sha ɗaya.

Roƙon ma bai yi nauyi ba, don dama duk Alhamis ta farkon wata yana tafiya. Mutumin Jidda daga ɗakinsa yake ɗaura harami, to haka zai sauko da fararen zannuwansa biyu, jaka a kafaɗa, mutanen layi suna a sa mu a addu'a. Alhajin Alhamis ake ce masa.

To jiya Alhamis, Zakiya ta rasa hannu, ta ɗauki Zubaidatu su je rabon abinci a kamfawun, gidajen Turawan nan masu doguwar katanga da mai gadi a ƙofa. Wai bayan la'asar za a yi kiɗa a bakin wurin ninkaya.

Kiɗa kuwa an yi shi. Rok suke ce masa. Ita dai ta ɗauka wani abu ne ya fashe a lasifika, sai da ta ga mutane suna murna.

Tsofaffi huɗu ne a kan dandamali, ba wanda bai isa riƙe carbi a gindin bango ba. Wani Bature mai tumbi ya ɗaure furfurarsa a ƙeya kamar budurwa, yana waƙa jijiyar wuya kamar za ta tsinke. Wani ɗan Filifin ɗan tsurut, jitarsa ta kusa fin shi tsawo, in ya murɗa waya ɗaya sai ta yi kukan da za ka ji a haƙori. Wani dogon Basudane yana gefe, ko motsi ba ya yi, tasa jitar tana gurnani a cikin cikin mutum. A bayansu kuma, an kewaye wani da ganguna da wasu faya-fayan ƙarfe kamar murafan tukwane, ya ɗaure goshi da jan ƙyalle, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da aikinsa.

Kafaɗar ta fara ganewa. Ta hagun nan da ta sauka saboda dakon buhu.

Mutumin da tukunyar gas take gagararsa ɗauka zuwa hawa na uku. Mutumin da sai ta taka masa baya da man zafi kafin ya miƙe. Shi ne yake wurga sanda sama yana cafewa.

Kuma yana dariya. Wannan ce ta fi tsaya mata. Dariya har da dasashi, wadda ba ta taɓa shigowa ɗakin Sharafiyya ba.

Da aka tsagaita, Baturen ya yi dogon surutu, ya nuna bayansa. Wuri ya ɗauka, “Lado! Lado! Lado!” Matan Turawa da gajerun wanduna suna kiran sunan da ita ba ta taɓa furtawa ba don kunya.

Zakiya haihuwar nan ce, tana tsintar Turanci, kuma ba ta san mijin kowa ba. Ta raɗa mata, “Ya Khala, cewa yake shekara ashirin da biyu suna tare, duk Alhamis ta farkon wata, mai gangar nan bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Mashallah alaih, shayib, tsoho amma ƙarfi!”

Zubaidatu ta ce mashallah. Ta ci gaba da zagawa da faranti, don an ɗauko ta ne ta zaga da faranti.

Yanzu ga shi a gabanta da singileti, kai fes, ya kasa haɗa ido da ita.

“Wa ya kai ki wurin?”

“Au, laifin wanda ya kai ni ne?”

“Ba haka nake nufi ba.”

“Jiya da la'asar kan nan da gashinsa. Ina aka aske shi?”

Ya shafa kan, ya ce, “Aziziyya, ta nan Jidda. Akwai wani mai aski ɗan Fakistan.”

“Zamzam ɗin fa? Famfon Turawa?”

“A'uzubillahi! Zamzam ne na gaskiya, wallahi. Abdulghani direban bas yake kawo min duk wata.”

“To alhamdulillahi. Ruwan dai ya je Makka.”

“Zubaidatu…”

“Haramin nan ni nake wanke shi, ni nake goge shi. Kullum ya dawo bakinsa tas, ba ko ƙura. Ina ta yabon masu sharar masallaci. Ashe a jaka yake yini.”

“Ban taɓa yin niyya da shi ba. Allah shi ne shaida. Zane kawai nake ɗaurawa, a motar Othman nake canzawa, Basudanen da kika gani. Ban taɓa yin Labbaika in karya ba. Na san abin da ke kan wanda ya yi hakan.”

“Malamin! Ka san hukunci.”

Ya ajiye kofin a hankali. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu.

“Ke kin san kafin in zo ƙasar nan kiɗa nake yi a otal a Jos. Ban ɓoye miki ba.”

“Ka ce ka tuba.”

“Na tuba. Shekara tara ban taɓa sanda ba. Sai rannan a tashar jirgi ina jiran a buɗe sito, ina ƙwanƙwasa durom da yatsu, Baturen nan ya tsaya yana kallona. Zubaidatu, shekara talatin da ɗaya nake ƙasar nan. Wa ya san sunana a wajen layin nan? Ya Hajji ɗauki, ya Hajji ajiye, yalla yalla. Yaron da na girmi ubansa yake kirana da yatsa. Awa biyu a wata, wasu suna jira in ɗaga hannu kafin su fara. In ban ƙirga ba, ba wanda zai motsa.”

“Da ka ce min za ka je kiɗa.”

“A layin nan? In fita da sanduna ta gaban Malam liman?”

“Sai ka fita da Ka'aba a baki.”

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, kuma kafin a amsa an riga an turo. Ku da kuke bin labarin nan kun san mutum ɗaya ce take sallama bayan ta shigo. Maman Lawali ce, bazawarar hawa na biyu, 'yar Maraɗi, da kwanon dambun zogale a hannu, idonta kuwa ya riga ya zagaye ɗakin sau biyu.

“Salamu alaikum, masu gida. Alhaji, an dawo lahiya? Allah shi karɓa. Zubaida, ke ko ba ki tuɓe abaya ba, lahiya dai? Na ji kamar ana magana da ƙarhi.”

“Rediyo ne,” in ji Zubaidatu.

Maman Lawali ta dubi rediyon da ke kan firiji an rufe shi da ƙyalle, ta ce to. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gaban Lado.

“Ga ɗan abin karin kumallo, ba shi da yawa. Alhaji, shekaranjiya na yi mahwalkin maigidana Isha'aku. Cikin hwararen kaya, yana murmushi. Na ce wannan umrar da ka yi mai bara ce ta iske shi. Mutumin da ya mutu a asibiti ba kowa kansa, ka tuna da shi. Ni ba ni da bakin godiya, Allah shi biya ka.”

Zubaidatu ta zuba wa mijinta ido.

“Amin, Hajiya. Ai yi wa kai ne.”

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Zubaidatu ta gane ta, don da wannan muryar yake amsa mata duk shekara.

Kalma huɗu za ta faɗa, kafin a sauko daga masallacin Juma'a labarin ya kai kasuwar Bab Makka ya dawo da ƙari. Ta buɗe baki. Sai ta ga idon Maman Lawali ya cika da ƙwalla, tana sharewa da gefen mayafi. Matar nan duk surutunta, da mafarkin nan kaɗai take kwana.

Zubaidatu ta tashi ta ɗauko kofi, ta tsiyayo daga jarka.

“Ungo zamzam. Ki tafi da shi ƙasa ki sha, Alhaji zai huta.”

“Mersi, 'yar uwa. Ke dai kin yi sa'ar miji.”

“Na yi.”

Ta raka ta bakin ƙofa, ta tsaya har sai da ta ji takun silifas ya sauka da gaske, don Maman Lawali ta iya taka mataki ɗaya sau goma. Sannan ta rufe, ta jingina da ƙofar.

“Har da Isha'aku.”

Ya ture kwanon dambun gefe.

“Wannan tsakaninka da ita ne da Allah. Ni abu ɗaya na zo tambaya. Tun jiya nake riƙe da shi, ina wanke kwanukan Turawa ina lallashin kaina. Na ce wataƙila Alhamis ta ganga ce, amma ya zaɓi wata rana ya je a ɓoye. Wata Talata. Wata Asabar bayan aiki.”

Ta matso ta tsaya a kansa.

“Lado.”

Ya ɗago da sauri kamar an watsa masa ruwa.

“Tunda matan Turawa sun iya faɗa, ni ma bari in gwada. Lado, cikin goma sha ɗayan nan, sau nawa ka tsaya gaban ɗakin Allah ka ambaci sunan uwata?”

Fankar sama tana ta juyawa da ƙararta. Daga ƙasa mai sayar da gas yana buga tukunya da ƙarfe.

“Ta farkon,” ya ce, “wallahi da niyyar zuwa na fita. Na ce sai na shiga mota zan yi Labbaika. Ina tsaye a tasha, sai ga Othman ya biyo ni. Ya ce sun samo wani yaro ɗan Filifin da zai zauna a kujerata ranar, in ya yi musu daɗi shi ke nan. Na ce to bari in je yau, Inno sati mai zuwa.”

“Sati mai zuwan fa?”

“Na dawo na tarar kin yi waina kin raba sadaka. Kin je wurin waya kin gaya wa 'yan uwanki a Dukku an yi wa Inno umra. Kika kama ƙafata kina kuka. Ta yaya zan ce miki…”

“Ban ce ka ce min ba. Kai da ka iya ɓoye ganga shekara ashirin da biyu, umra guda ce ta gagare ka ɓoyewa?”

Ya sunkuyar da kai har aski yana ƙyalli.

“Na je tasha ya fi sau goma. In na sa ƙafa a mota sai in ji kamar ɗakin zai gane ni. Rabona da Makka tun kafin rasuwar Inno. Ko tawa ban ƙara yi ba.”

“Ko ɗaya ke nan.”

“Ko ɗaya.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin tumatir. Kuka bai zo ba. Ta tuna yadda duk Rajab take tsayar da shi a bakin ƙofa tana nanata masa, Barakatu 'yar Husaini, kar ka ce Inno, mala'iku ba su san Inno ba. Shi kuma ya ce ya riƙe.

Ta shiga banɗaki. Ya ji ƙarar ruwa a bokiti, ya daɗe yana zuba. Da ta fito ta canza riga, ta ɗauko wankakkiyar abaya daga ƙusa, ta shimfiɗa darduma ta yi raka'a biyu. Shi dai yana zaune yana binta da ido. Sai da ya ga ta ɗaure mayafi, fuskarta a buɗe, ba niƙabi, ta zura robar ruwa a jaka, sannan ya miƙe tsaye, ya manta da ciwon baya.

“Ina za ki?”

“Inda ka je jiya.”

“Zubaidatu, ki tsaya. Gobe zan je. Yau ma zan je, yanzun nan, ga haramin can a jaka, ko ba a wanke ba zan ɗaura.”

“Ka ɗaura. Ka saba.”

“Ki ji tsoron Allah, azumi ya matso, mota-mota suke dubawa a shingen nan. Abdulghani ya ce shekaranjiya bas guda aka juye. Da shekarunki, da hawan jininki, ki kwana a tarhil? In suka ɗauki hoton yatsunki kin bar ƙasar nan ke nan. Ni in zauna da wa?”

“Kana da mutum uku da ba sa motsi sai ka ƙirga.”

Ta juya ta fuskanci alƙibla. Ya gane abin da za ta yi, ya ɗaga hannu biyu.

“Kar ki faɗa! In kika faɗa ya hau kanki, ba a fasawa. Ki bari mu yi magana, don girman Allah kar ki…”

“Labbaikallahumma umratan an Barakatu 'yar Husaini.”

A hankali ta faɗa, ba gaggawa, kowane harafi ya fita. Alhaji Lado ya koma ya zauna daɓas a kan katifa.

“Halas,” ya ce. “Kin kashe ni.”

Ta zura takalminta, ta rataya jaka.

“Bari in raka ki, ko zuwa tasha ne.”

“Zauna. Na gaji da rakiyarka.”

“To in suka kama ki fa?”

Ta riƙe marikin ƙofa, ta waiwayo ta dube shi, tsoho da singileti da sabon aski.

“In na wuce, in yi mata ɗawafi. In sun kama ni, su sa ni a jirgi in je in ga kabarinta. Duk inda motar nan ta nufa, wurin Inno za ni.”

Ta fita, ta ja ƙofar da duk ƙarfin da ya rage mata.

Garam!